Sunan da Salaga Ta Sa wa Kawu

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu a Bawku wata Talata da hantsi, aka binne shi bayan la'asar, ni kuwa ina tashar Yendi ban ko sami mota ba. Ban ga gawarsa ba. Abin da na samu shi ne sadakar bakwai, wadda aka yi a gidanmu na gado a Salaga, domin nan ne asalinsa, ko da yake ya fi shekara talatin bai kwana uku a jere a garin ba.

Mutanen Bawku suka zo cikin mota guda, yawancinsu 'yan kasuwar albasa, abokan sana'arsa. Wani tsoho Bakusase, ɗan ƙabilar yankin Bawku, maƙwabcinsa, ya tsaya a bakin ƙofar mata, hularsa a hannu, ya ce da Hausarsa ta koyo, "Ku yi haƙuri. Wannan mutum, tun da ya zo unguwanmu ban ji muryanshi ya tashi ba. Matana ma ya yi kuka paa." Tsofaffin Salaga kuwa, waɗanda suka buga ƙwallo da shi suna samari, suna zaune a tabarmar waje suna ta cewa, "Allah ya jiƙan Oba." Har wani daga cikinsu ya girgiza kai ya ce, "Allah ya ba shi ƙafa, sai dai bai ba shi saiti ba." Aka ɗan yi dariya a hankali, irin ta gidan makoki. Ba da mugunta suka faɗa ba, na sani. Duk da haka sai da na ji kamar in ɗauki buta in jefe su.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mma, mahaifiyata. Tana zaune a tsakiyar mata da carbinta, wata ta yi mata gaisuwa, sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce, "Ni dai na yafe masa. Abin da ya yi wa Baba, da abin da ya yi mini, na yafe masa duniya da lahira." Mata suka ce madalla, Allah ya ba da lada.

Ni kaɗai a ɗakin nan na san Kawu bai yi wa kowa komai ba. Na san haka shekara da shekaru, kuma shi da bakinsa ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa Mma ba. In na yi shiru, haka za a ci gaba da tuna shi, mai laifin da aka yi wa alfarma. In na yi magana, na karya alkawarin mamaci, na kuma ɗora wa tsohuwa kayan da ba ta da wurin saukewa. Da wannan na yini ranar, ina raba goro da masa, wato waina.

Bari in faɗi inda sunan ya samo asali, don yaran yanzu sun ɗauka sunan yanka ne. A bakin masu ƙwallo a wajenmu, in mutum ya buga ta bi ta saman raga, sai a ce ya yi oba. Wato ya ɓarar ke nan.

Kawu ɗan ƙwallo ne tun yana makaranta. An ce in ya sa ƙafar dama, mai tsaron gida ma kauce mata yake yi. Wani malaminsu Bature ya nema masa gurbin karatu a Amurka. Kakanmu, wanda jikan fataken goro ne, kuma bai ɗauki ƙwallo a bakin komai ba, ya ce ba inda za shi. Mma ce ta tsaya masa. Ita ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta goya shi a bayanta. Ta yi ta zirga-zirga tsakanin Kaka da limamin unguwa, har ta ce in yaron nan ya jawo abin kunya a ɗora a wuyanta. Da haka Kaka ya sake shi.

Bayan wasu shekaru wasiƙa ta zo cewa ya gama karatu, kuma wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, ƙwallo ce aikinsa yanzu. Can kuma sai ga ƙunshi, kaset ɗin bidiyo a ciki, da 'yar takarda: ku kalla, ni ne mai lamba kaza. Ina da shekara tara lokacin. Mma ta yi abin da ta saba in ta yi farin ciki, wato ta wuce gona da iri. Ta aro talbijin da injin bidiyo da janareto, ta sa aka toshe tagogin zauren Kaka da barguna, ta dafa shinkafa da wake tukunya biyu. Ta aika wa liman, da mai unguwa, da duk wanda ya taɓa cewa ƙwallo sana'ar 'yan iska ce. Kaka ya sa babbar rigarsa ya zauna a gaba.

Kaset ɗin Amurka bai jitu da injinmu ba. Hoton ya fito baƙi da fari, yana rawa, kuma babu murya ko kaɗan. Muka ga ƙatti sanye da hular kwano suna karo da juna, suna rungume ƙwallo da hannu, ƙwallon ma mai tsini biyu kamar gwanda. Mai unguwa ya tambaya ko kokawa ce. Aka yi ta neman Kawu ba a gan shi ba, sai can aka hango lambarsa a bakin fili, yana zaune a benci ya lulluɓa da ƙaton mayafi.

An daɗe kafin ya shigo. Wani ya durƙusa ya kafa masa ƙwallon a ƙasa, ba mai tsaron gida, ba kowa a raga, ragar ma babu, sai wata sanda a gicciye can gaba. Kawu ya ja da baya, ya zo ya buga. Ƙwallo ta tashi ta bi can saman sandar. Zauren gaba ɗaya ya ce, "Kai! Oba!" Alƙalan wasa biyu da ke ƙarƙashin sandar suka ɗaga hannuwansu sama, wani ya ce, "Ku duba, har alƙalai sun yi takaici." Kawu ya koma bencinsa.

Sau huɗu ya shigo a wasan nan, sau huɗu tana bin sama. A ta ƙarshe aka nuno 'yan kallo sun ɗora hannu a ka, 'yan ƙungiyarsa kuma suka ruga suka danne shi suna dukan hularsa. Mma ta miƙe tana cewa, "Za su kashe shi! Za su kashe mini shi!" Samarin da ke baya suka kasa riƙe dariya. Kaka ya miƙe. Ya tattara rigarsa ya shige cikin gida, shinkafa ta kwana a tukunya. Bai cika shekara ba bayan wannan ya rasu, kuma har ya rasu ba a sake jin ya ambaci ɗan nasa ba. Mma ta sa a ranta cewa baƙin cikin ranar ne ya ƙarasa shi, ita kuma ta tara masa jama'ar.

Kawu ya dawo gida bayan wasu shekaru, yana ɗan ɗingisa ƙafar dama. Tun daga tasha yara suka bi shi da sunan. Ni ma na kira shi da shi, ba sau ɗaya ba, ina tsalle ina tafi. Bai yi wata biyu a Salaga ba ya tattara ya tafi Bawku, ya yi aure a can, ya kama sana'ar albasa.

Mutum ne mai wasu ɗabi'u da muke yi wa dariya. In zai ɗaga buhu, ko zai tsallake kwata, sai ya ja da baya taku uku, ya gusa gefe taku biyu, sannan ya nufi abin. Matarsa ta ce har shiga mota haka yake yi. In ya fito da safe sai ya ɗauki ɓawon albasa ya sake shi a iska, ya bi shi da kallo ya ga inda ya nufa, alhali ba abin da zai yi da iskar. Kuma yana da wata magana da yake yi wa duk wanda ya ga yana aiki yana waige-waige: "Sa kanka ƙasa ka yi abinka. In ta shiga jama'a za su gaya maka." Ba ya cin abinci da yawa, ba ya son a taɓa masa takalmi, kuma in ana gardamar ƙwallo a rumfarsa sai ya tashi ya tafi alwala ko lokacin salla bai yi ba.

Tsakaninsa da Mma kuwa sai gaisuwar dole. Duk lokacin kaka yakan aiko mata da buhun albasa, ita kuma ta rabar wa maƙwabta ba tare da ta ɗauki ko ɗaya ba. Ranar ɗaurin aurena ya zo, ya zauna cikin iyaye maza kamar yadda ya dace da kawun amarya. Da aka zo batun wanda zai raka ni Yendi ya danƙa ni ga dangin miji, kowa ya dube shi. Sai Mma ta aiko daga cikin gida cewa a nemi wani, 'yarta ba za ta bi sama ba. Maganar ta fito a gaban baƙi. Kawu ya yi murmushi, ya ce, "Yaya ta fi ni gaskiya," ya sa takalminsa. Ranar na ji haushinsa fiye da na Mma. Na ce a raina wane irin namiji ne wannan da ba ya iya buɗe baki.

Sai da na rasa ɗana na fari na san ko wane ne Kawu. Yaron kwana biyu ya yi a duniya. Mutane suka zo suka yi ta gaya mini in yi haƙuri, wani zai zo, har na tsani jin kalmar. Rana ta uku sai ga Kawu, ya biyo hanyar Garu a bayan motar kaya, jikinsa duk jar ƙasa. Ya gaishe ni sau ɗaya, ya ja benci ya zauna a ƙofar ɗakina. Kwana huɗu yana nan, daga masallaci sai bencin, bai ba ni haƙuri ba, bai yi mini wa'azi ba. Mijina ya ce, "Kawu, ka shigo falo mana, ka gaji." Ya ce, "Bar ni. Zaman benci sana'ata ce, ba wanda ya fi ni iyawa a ƙasar nan."

Wannan ce dariyata ta farko tun haihuwar. Na fito na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Da yake mai baƙin ciki ba ya jin kunya, sai na ce, "Kawu, me ya same ka ranar nan? Ba gola, ba kowa, sau huɗu?"

Ya dube ni. Sannan ya tsinci tsinke ya zana mini a ƙasa: sanda a gicciye, dogayen ƙarafa biyu a tsaye a kanta. Ya ce, "A wasansu, nan ake so ta bi. Sama da sandar, tsakanin ƙarafan. In ta bi ƙasa, ita ce ɓarar."

Na ce, "To alƙalan da suka ɗaga hannu fa?"

"Haka suke nuna ta shiga."

"'Yan kallo da suka ɗora hannu a ka?"

"A garinsu muka je muka ci su. Ta ƙarshen nan ita ta raba gardama, saura ƙiftawar ido a tashi." Ya share zanen da tafin ƙafarsa. "Duk zamana a Amurka ban yi rana kamar wannan ba. Shi ya sa na aiko muku."

Ban san lokacin da na rufe bakina da hannu ba. Ya bar ni na yi kukana, sannan ya shiga ba ni labarin aikin, a hankali, kamar yana ba da labarin wani. Ya ce aiki ne na mutum ɗaya a cikin taron ƙatti. Kai ba ka gudu da su, ba ka karo da su, wasunsu ma ba su ɗauke ka ɗan wasa ba. Kana zaune awa uku cikin sanyin da ke sa yatsun ƙafa su mutu, kana ɗumama cinya, sai a kira ka. Wani ya wurgo ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, wani ya cafe ya kafa ta, ya juya ɗinkin gaba don kada ya karkatar da ita, kai kuma ka riga ka taho. Kafin mutum ya ce bismilla an gama. In ta shiga, aikinka ne, ba wanda zai tuna. In ba ta shiga ba, har mai sayar da burodi ya san sunanka.

Ya ce ya zauna a garuruwa da dama, kowanne da akwati ɗaya, don mai wannan aiki ba ya sayen kujera. Na tambaye shi yadda aka yi ya bari. Ya ce akwai wata rana, ana zubar ƙanƙara, aka kira shi ya buga wata ta kusa, irin wadda yake bugawa ido rufe. Ya ɗaga kai da wuri don ya ga shigarta, ta daki ƙarfe ta dawo. Washegari da safe wani ya same shi a ɗakin sa kaya ya ce ya kawo mabuɗin ma'ajiyar kayansa, an sallame shi. Ya gwada wasu wurare biyu, cinyar ta tsage, shi ke nan.

"Kin ga abin dariya," in ji shi. "Wadda na ɓarar da gaske ba wanda ya gani a Salaga. Waɗanda na ci su ake zagina a kai."

Na miƙe na ce gobe-goben nan zan hau motar Salaga. Ya kama bakin zanena ya zaunar da ni. Ya ce, "Ki gaya mata me? Cewa Baba ya mutu yana fushi da ni a banza, kuma ita ta tara mutanen? Yanzu tana da wanda take jin haushi. In kin gaya mata, kanta za ta koma ji. Ni na saba da kayan nan, ya zauna mini a kafaɗa. Ita ba za ta iya ba." Na yi gardama, ya ce in yi masa alkawari. Na yi.

Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da shi. A tsakanin nan duniya ta canza, yaranmu suna kallon wasan nan a waya, sun san dokokinsa sarai. Amma su ba su san labarin zauren Kaka ba, waɗanda suka san labarin kuma ba sa kallon waya. Sunan ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Sau da yawa in ina tsefe wa Mma kai maganar takan zo mini har maƙogwaro, in haɗiye. Bara da ciwon sukari ya kama ƙafar nan tasa, na je Bawku na roƙe shi ya sake ni. Yana kwance, ƙafar a kan matashi, ya ce, "Ke dai akwai naci. Halin uwarki ne." Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya juya maganar zuwa tsadar taki.

Ranar sadakar, bayan la'asar, mutanen Bawku suka hau motarsu, aka naɗe tabarmi. Na sami Mma a ɗakinta ita kaɗai, tana ware ragowar goro, masu kyau gefe guda. Na zauna na ce zan taya ta. Ta ce, "Kin ji abin da na faɗa ɗazu? Na sauke nauyi. Kada in mutu da shi a raina."

Da ba ta ƙara wannan ba, wataƙila da na yi shiru. Na ce, "Mma, ba ki da abin da za ki yafe masa."

Ta ɗago. Na gaya mata duka, tiryan-tiryan, yadda ya gaya mini: sandar, ƙarafan, alƙalan, garin da suka je suka ci. Na ce duk huɗun nan ci ne, waɗanda suka danne shi murna suke yi. Ina magana ina jiran ta ce ƙarya nake, ko ta zage ni, ko ta tambayi wa ya gaya mini. Ba ta yi ko ɗaya ba. Hannunta ya tsaya a cikin goron.

"Kin tabbata?" ta ce.

"Jikokinki ma sun sani, Mma. Haka wasan yake. Ki kira kowanne ki tambaye shi."

Ta sunkuyar da kai kan faifan goron. Na ce, don in rage mata, "Ba laifinki ba ne. Ba wanda ya sani a lokacin. Shi ma da ya yi bayani da ya dawo..."

"Ya yi," in ji ta.

Na ce, "Na'am?"

"Ya yi. Ranar da ya sauka, ko ruwa bai sha ba. A bakin ƙofar nan ya durƙusa." Ta nuna wurin da haɓarta. "Ya ce, Yaya, wasan ba irin namu ba ne, ki bari in nuna miki. Na ce masa da idona na gani. Ya sake farawa, na ce ashe bayan kunya har ƙarya ya koyo a can. Na ce in ya ƙara buɗe baki a kan maganar nan ban yafe masa goyon da na yi masa ba."

Wannan Kawu bai taɓa gaya mini ba. Duk shekarun nan ina ganin shiru ya zaɓa don kansa, ashe umarni aka ba shi, ya bi har kabari.

Mma ta ture faifan goron a hankali. Ba ta yi kuka irin na mutane ba. Ta juya ta fuskanci ƙofar, ta kira shi da sunansa na yanka, sunan da rabon in ji shi a bakinta tun ina 'yar shekara tara. Ta kira sau ɗaya, ta saurara. Ta sake kira da ɗan ƙarfi, da irin muryar da ake kiran yaro ya shigo ya ci abinci.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa da ya iya haƙuri, Ka yalwata masa makwanci, Ka yafe mini alkawarin da na karya. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban koma Yendi ba. Mma tana cin abinci in na matsa mata, tana salla a zaune, ba ta ce mini na kyauta ba, ba ta ce ban kyauta ba. Jiya da safe ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shi ya tafi bai ji na ce na yarda ba. Yanzu wa zan gaya wa?"